Wankan Ladan

Ramla ta riƙe wa Baba Audi wayar a gaban fuska, shi kuwa yana ta kau da kai kamar an miƙo masa magani mai ɗaci. Jikar maƙwabcinsa Ladan ce, tana haɗa fim a kan ƙuruciyar tsofaffin garin Mai Wurno. Kowane tsoho ya ba ta labarin auduga da kamun kifi. Da ta zo kan kakanta, wanda ciwo ya kwantar wata uku, sai ya ce shi nasa labarin na Audi ne, ta kai masa.

Audi ya san labarin, ai a kansa aka yi. Suna 'yan shekara tara, an aike su kogi wanke alluna, Ladan ya danne masa kai cikin ruwa don yara su yi dariyar yadda yake shure-shure. Ya ɗago shi, ya sake dannawa, har sau uku. Tun ranar Audi bai ƙara saka ƙafa a kogi ba, kuma har ya tsufa garin bai daina yi masa tsiya a kan haka ba. Shekara arba'in katanga ɗaya ta raba gidajensu, gaisuwa kawai ke ƙetarawa.

A cikin wayar, Ladan na kwance a angarib, gadon nan na igiya, ya rame ƙwarai. Ya faɗi komai bai rage ba, har sunayen yaran da suka yi dariya. Daga ƙarshe ya roƙi abu biyu: Audi ya yafe masa, kuma in ya cika, shi zai yi masa wanka.

Ran Audi ya ɓaci, kuma ya ji tausayi, bai san wanne ya fi ba. Ya jawo takalmansa yana mita, ya zaga ta ƙofa, ya sami Ladan ana yi masa fifita.

"Taki goma ne tsakaninmu, Ladan, shi ne za ka aiko mini da talifon?"

"Kunya, ya Hajj," in ji Ladan. "Na fi jin tsoron idonka da na duniya duka."

Audi ya zauna a bakin gadon. Bai ce ya yafe ba, bakinsa ya ƙi. Sai ya tambaya ko an ba shi kunu, ya karɓi kofin ya ba shi da kansa. Ramla ta ɗaga wayar, ta duba su, ta mayar da ita cikin mayafi.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Ladan ya cika. 'Ya'yansa suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, ba wanda ya san ko Audi zai zo. Liman har ya fara naɗe hannun riga, sai ga Audi ya shigo.

Ya taɓa ruwan bokitin, ya ce ya yi sanyi, a sirka. Aka sirka. Ya wanke hannuwa, ya yi wa Ladan alwala a hankali, babban ɗan yana miƙo masa ruwa. Da aka zo kan kai, ɗan ya ɗaga kofi zai kwara, Audi ya riƙe masa hannu.

"Sannu-sannu," ya ce. "Halas, ya wuce, Ladan, na yafe."

Ya sa tafinsa ya kare masa hanci da baki, sannan ya zuba ruwan kaɗan-kaɗan ta gefe.