Hannun Haladu

A kakar shekarar 2000 wata ƙungiyar malamai ta shirya gudun taimako, kilomita ashirin da ɗaya, don a yi wa wani ɗakin haihuwa na ƙauye rufi. Ni Zaharaddeen, malamin lissafi a Ƙaura Namoda, da tumbina da son a sani, na ba da sunana. Na kuma ja Haladu, mutumin Shinkafi, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ke jawo wa makarantarmu ruwa a rijiya. Ya ce shi bai taɓa gudu babu dalili ba. Na ce ai lada dalili ce, ya dai bi bayana, na san hanya. Ban san ta ba.

Mota ta sauke mu a kan hanyar Zurmi da hantsi, maza zalla, kowa da wando har ƙasan gwiwa, don lokacin Shari'a tana ɗanyarta. Aka maƙala mana lambar takarda a ƙirji, aka ce za mu ratsa ta cikin duwatsu mu ɓulla Zurmi, mu riƙa bin jan ƙyalle. Masu shiryawa 'yan boko ne irina, a jikin karan dawa suka ɗaura ƙyallayen. A kaka! Kafin mu iso, masu gona sun kwantar da karan nan da ƙyallensa.

Samari suka yi mana nisa. Wurin yana da kyau, manyan duwatsu sun hau kan juna, dammunan gero jingine a gindinsu, amma ni numfashina kawai nake ji. Gumi ya jiƙa lambata ta faɗi ban sani ba. Da na zo inda hanya ta rabu biyu, na waiga na hango Haladu can baya yana tafe. Kunya ta hana ni tsayawa, na karya dama kamar wanda ya sani.

Ban yi nisa ba wata mata da ke bisa dutse tana shanya ta kwarma ihu. A ƙauye babba ba ya gudu sai in gobara ce, ko kuwa ya ɗauki abin wani. Ashe da safen nan aka kwance wa wani Bafillace, Hammadu, sansa a turke, kuma duk mazan yankin suna cikin gonaki suna nema.

Na ji ihun ya kama daga gona zuwa gona. Na tuna mutumin da aka yanke wa hannu a kan satar saniya a watannin baya, wanda muka yi ta muhawara a kansa a ofishin malamai muna shan shayi. Maimakon in tsaya, sai na ƙara mai, na tabbatar musu da zarginsu. A bakin wani kwazazzabo suka tare ni, mutum ya fi ashirin, da lauje da magirbi da sanda.

Na yi bayani. Na ce gudun sadaka ne. Suka tambaye ni wa ya biyo ni, na ce babu. Wani ya yi dariyar da ba ta da daɗi. Na shafa ƙirji in nuna lamba, sai allura kaɗai na taɓa. Ina jin ana cewa a kai ni gaban alƙali, wasu na cewa ba sai an wahalar da alƙali ba. Ban san lokacin da na cusa hannun damana a hammata ba.

Hammadu dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Ya zaro hannun nawa, ya riƙe daidai wuyansa, ya buɗe tafin, ya murza da babban yatsa. Ya daɗe yana dubawa.

"San nan ba ya jawuwa da daɗi," in ji shi. "Wanda yaj ja shi, igiya ta ci mai hannu. Wanga bai san igiya ba. Ku sake shi."

Na zauna a ƙasa ina hamdala. Sannan aka kawo Haladu. Ya biyo sawuna kamar yadda na ce masa. An yaga masa riga, lambar ta tafi da ita, leɓensa na jini. Hammadu ya buɗe tafinsa. Shekara goma sha biyu yana jan guga. Kanta ce ta ko'ina, ga wani sabon tsagu da igiya ta yi masa jiya-jiya.

Hammadu ya juyo ya dube ni. "Kai, ka san wanga?"

Wallahi na san amsar. Amma na ga an sake ni, na ga laujen nan, na ji har yanzu ɗumin yatsun tsohon a wuyan hannuna. Na yi shiru. Ba daɗewa na yi ba, bai fi numfashi uku ba, sai dai Haladu yana kallona duk tsawonsu.

"Malam," ya ce a hankali, "hwaɗa musu."

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce tare muke, ni na jawo shi, in za a ɗaure shi a haɗa da ni. Aka kuwa haɗa mu a igiya ɗaya, aka tasa mu gaba zuwa Zurmi. A hanya muka gamu da motar masu shirya gudun tana nemanmu, da takardar sunaye. Aka kwance mu, aka yi ta ba da haƙuri, har wani ya kawo fura.

An yi wa ɗakin haihuwa rufi. Haladu ya ci gaba da jawo mana ruwa har na bar makarantar. Kullum da safe yana gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, amma bai ƙara miƙo mini hannu ba.