Gwajin Baduku

Fatun awaki goma sha biyu ne rataye a zauren Alkasum baduku, a cikin Birnin Damagaram, babu ta kirki ko ɗaya. Damina biyu ke nan ana fari, ruwa bai zauna ba. Akuyar da yunwa ta kashe, fatarta ba ta da amana.

'Yarsa Ramlatu ta zauna a bakin tabarma. Shekara shida tana karatu a Faransa, jiya ta sauka Damagaram. Ta buɗe wani ɗan akwatin roba, ta fito da leda mai faɗin tafin hannu. A tsakiyar ledar akwai wani abu mai sheƙi kamar fiffiken fara.

"Wannan ne aikin naki?"

"Shi ne, Baba. Lu'ulu'u ne, ya fi ɓawon albasa rashin kauri sau dubu. Da irinsa za a yi waya mai naɗewa kamar tabarma. Na yi ɗari biyu, duk sun tsage. Wannan kaɗai ya fito babu aibi. Ran Litinin zan koma Faransa in kai a auna shi. In ya tabbata, za su riƙe ni a aiki."

"Kin ce yana lanƙwasuwa?"

"Yana yi."

"To, gani ya kori ji."

Alkasum ya goge hannu a riga, ya ɗaga ledar ga hasken ƙofa. Sannan ya yi mata abin da yake yi wa kowace fata tun kafin a haifi Ramlatu: ya ninka ta biyu, ya danne ninkin da farcen babban yatsa, ya ja daga gefe zuwa gefe.

Ko ƙara ba a ji ba. Da ya buɗe, wani farin layi ya ratsa sheƙin. Ramlatu ta jira ko za ta ji wani abu a ƙirjinta. Shiru. A waje ga-ruwa ya wuce da kurarsa, jarkokin wayam suna karo da juna.

"'Yar nan, Nasara sun cuce ki," in ji shi. "Wannan fatar fari ce. Ki gaya musu baduku ya gwada, ba ta jure ba."

"To, Baba."

Ya janyo guntun jar fata da ya ɓoye tun kafin fari, ya zura zare a basilla.

"Duk da haka, ba a yawo da aikin shekara shida a roba. Bari in ɗinka masa gida, kada ya lalace a hanya."

Ta riƙe masa bakin fatar, yana ɗinki.