Littafin Moussa na Tashar Jirgi

"Karɓi mana, hannuna ya gaji," in ji Moussa, yana miƙo littafin daga kan katifa.

Maiwada ya karɓa fuska a murtuke. Shekara goma sha tara ɗakunansu na jere a Al-Jaradiya, tare suke goge tashar jirgin ƙasa ta Riyadh. Kuma fa Maiwada ne ya riga zuwa! Shi ya koya wa Moussa, ɗan Maraɗin nan, cewa dutsen bangon ba ya son sabulu, sai ruwa zalla da tsumma. Shi ya nuna masa yadda rana ke ratsowa tsakanin ginshiƙai ta kwanta a daɓe. Amma Moussa ne ya sayi littafi ya yi ta zanawa, kowane bakan gini, kowace inuwa, wata bayan wata.

Sai ga Marwa, 'yar Hausawa haihuwar garin, mai karatun zanen gine-gine, tana tara bayani kada masu gyara su ɓata tashar. Wa take nema? Ammi Moussa, wato Kawu Moussa. Wa ta ɗauka hoto? Ammi Moussa. Maiwada kuwa cewa ta yi ya ɗan matsar da bokitinsa. Wallahi abin ya tsaya masa a rai.

"Marwa ba ta taɓa ganin littafin nan ba," Moussa ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Ka kai mata. Za a baje shi a makarantarsu da sunan mai shi."

"Kai dai ka warke ka kai kayanka."

"Khalas, ya isa haka, Maiwada. Ni da kai mun sani."

Ranar Talata bayan azahar ya cika.

Ranar Alhamis Maiwada ya zauna a bencin tashar yana jiran Marwa. Mutum har ya mutu a ci gaba da kiran sunansa, shi mai rai ko oho? A shafi ɗaya tak Moussa ya sa suna, na farko. Maiwada ya waiga hagu da dama, ya fizge shafin, kyat!

Zai dunƙule takardar kenan ya ga akwai zane a bayanta. Wani mutum ne durƙushe da tsumma a gindin ginshiƙi, hularsa a karkace, ga ƙaton kunne. Haba, har kunnen! A ƙasa an rubuta: "Malamina Maiwada. Shi ya fara gani."

"Ɗan banza," ya ce a hankali, idonsa ya ciko. "Har a nan ma sai da ka fi ni."

"Salamu alaikum, Ammi." Marwa ce, da Hausarta mai ɗaurin Larabci. "Allah ya ji ƙansa. Wannan littafin na wane ne?"

Maiwada ya mayar da shafin mazauninsa, yana shafa yagewar da babban yatsa, ta ƙi haɗuwa.

"Na Moussa ne. Ki riƙe a hankali, shafin farko ya cire."

Hasken hantsi ya riga ya ratso, ya kwanta daidai gindin bokiti biyu da ke jingine da bango.