Goran da Ke Riƙe da Rufin Baba Iorfa

Wa ya fi cancanta a jira, kankaren da bai gama kamawa ba, ko tsohon da kwanansa ke ƙarewa? Na daɗe ina juya tambayar, ban sami amsarta ba.

Tavershima yana gina gidansa a Azuba, kuma mako guda ke nan da zuba dekin, wato rufin kankare, aka sallamo mahaifinsa, Baba Iorfa, daga asibiti. Likita ya ce a kai shi gida kawai. Tsohon, wanda ya ƙare rayuwarsa a gidan haya, buri ɗaya ya rage masa: ya kwana ƙarƙashin rufin ɗansa.

Amma ɗakin da ke sabon ginin cike yake da gora, an kakkafa su suna tokare da katakon da ke ɗauke da kankaren.

"Malam Kalilu, a cire goran nan yau," in ji Tavershima.

Birkilan yana sama yana ba dekin ruwa, bai ko ajiye bokiti ba. "Oga, sai ya ƙara sati biyu yana sha. Sama ya bushe, ciki ɗanye ne. In ka matsu, shigo da Baba haka, gado zai shiga tsakanin goran."

"Ubana? A kango, kamar akuya? Dangi za su zo daga Doma su ga haka?"

"To su zo su riƙe rufin da kansu. Ni hannuna ba zai taɓa gora ba."

Tavershima ya ɗauki guduma ya shiga ciki. Ya daɗe tsaye, ruwa na ɗigo masa a wuya. Ya ɗora tafinsa a jikin katako, ya ji sanyi da danshi. Ya ajiye gudumar ya tafi.

A gida ya tarar tsohon ya sa an ɗaure masa kayansa a zane.

"An gama?" Da ƙyar muryar ta fito.

"Saura kaɗan, Baba."

"Ni ma saura kaɗan."

Da la'asar Keke Napep ya tsaya a bakin ginin. Kalilu ya riga ya share tsakanin gora, ya ɗaura leda inda ruwa ke zuba. Tavershima ya goyo mahaifinsa, ya sunkuya, yana bi a karkace don kada kafaɗar tsohon ta bugi ko ɗaya, har ya kwantar da shi.