Salatif a Gefen Jirgi

Aikina a rumfar gyaran jiragen sama shi ne in zo bayan kowa ya gama, in bi aikinsa da ido da hannu, in ce ya yi ko bai yi ba. Shi ya sa ba a cika kirana shan shayi ba. Ban damu ba, shayin nasu ma ruwa-ruwa ne.

Yaya ne ya kawo ni wannan sana'a. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta, kuma tun ban san yadda ake riƙe sifana ba ya riga ya yi suna a rumfar. Ranar da aka ɗora ni kan duba aiki har da riƙe ciki don dariya, wai ya reni mai kama laifinsa.

Ran nan da hantsi aka gama wanke wani jirgin fasinja da zai tashi da yamma. A gefen jirgi, kusa da hanci, akwai wasu 'yan huji kamar na rariya. Da su na'ura ke auna iska, ta gaya wa matuƙi nisansa da ƙasa da gudun da yake yi. In za a yi wanki sai a rufe su kada ruwa ya shiga, kuma ƙa'ida ta ce da jan salatif mai jela tana reto, yadda ko daga bakin ƙofa za ka hango shi. Jan ya ƙare a sito tun makon jiya. Sai Yaya ya liƙa mai ruwan toka, kalar jikin jirgin, ya ce shi da kansa zai cire. Ya zo ya ce min ya cire, ya duba, komai tsaf.

Na hau tsani ta gefen hagu. Ga salatif nan a manne, gefensa yana ɗan ƙyalli. Na shafa, yatsana ya ji santsi inda ya kamata ya ji huji.

Na tsaya ina jiran gabana ya faɗi, bai faɗi ba. Na san abin da wannan ɗan guntu zai yi a sama: agogunan gaban matuƙi su riƙa yi masa ƙarya, ga mutane cike a bayansa. Na sani sarai, amma jikina shiru, kamar labarin wani nake ji. Na ce a raina mantuwa ce, kowa na yi. Bari in kira Yaya ya gani da idonsa, ya ci kansa da faɗa, a yi masa gargaɗi, a wuce wurin.

"Yaya, zo ka duba min nan."

"Auta, kin fara ko?" Ya hau tsanin yana tsaki, na matsa masa. Ya haska tocila, ya duba. "Lafiya lau. Me kika gani?"

"Sake dubawa."

Ya kai fuskarsa kusa har hancinsa na neman taɓa ƙarfen. Ya karkata kai, yana kallo da gefen ido. Ya daɗe a haka.

"Tsaf yake," ya ce.

Na kama hannunsa na ɗora yatsansa a kan salatif ɗin. Bai janye ba. Can baya wani yana ta buga wani abu da guduma, na riƙa bin ƙarar da kunne don ba ni da abin da zan yi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun bara. Tsakiyar ganina ce ta dushe, gefe-gefe ina gani." Ya rage murya. "Cire kawai, Auta. Babu wanda ya gani. Daga yau da hannu zan riƙa bi."

"Yau ma ai da hannu ƙa'ida ta ce."

Ya janye hannunsa daga kan salatif ɗin. Yana da 'ya'ya a makaranta, kuma ban da wannan rumfa bai san wani wuri ba. Na so in ji tausayi, ko haushi, ko wani abu dai. Babu abin da ya zo. Na bar salatif ɗin inda yake, don dole shugaban sashe ya gan shi a manne, na sauko na je na kira shi.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Shugaba ya hau, ya sauko, ya hana jirgin fita, ya sa a sake bin duk inda Yaya ya taɓa. Ya ja shi ofis, ya turo ƙofa. Da suka fito babu katin aiki a wuyan Yaya. Abokan aiki duk suka sami abin yi a akwatunan kayansu, kowa kai a ƙasa.

Shugaba ya ce in kai shi gida.

A bakin rumfar rana ta ƙwalle, siminti fari fat. Yaya ya tsaya cak, ya laluba ya dafa kafaɗata. Sai a lokacin na gane watanni ke nan yana dafa ni a daidai wannan ƙofa, ni kuma ina ture hannun ina ce masa ya daina mayar da ni yarinya a gaban mutane.

"Akwai tudu a nan, ko?" ya ce.

"Akwai, Yaya. Ɗaga ƙafa."