Lungun Karantina na Kwali

Tun da aka rushe unguwar Karantina ta Jidda Mastura ta koma unguwar Madain Fahd wajen ɗanta, kuma ba ta ƙara yin zancen unguwar ba sai da waɗanda suka zauna cikinta. Wata rana jikarta Lujain ta dawo daga sakandare da kwalaye da gam, ta ce Abla Wafa', malamarsu ta tarihi, ta sa kowace ɗaliba ta ƙera unguwar da iyayenta suka tashi.

Mastura ta ajiye kofin shayinta. "Ita malamar 'yar ina ce?"

"Ma adri, ban sani ba, Kaka. Aikin makaranta ne kawai. Yalla, faɗa min, gidan wa ke kusa da naku?"

Lujain tana jin Hausa sarai, sai dai in za ta mayar sai ta cakuɗa da Larabci.

Mastura ta shiga lissafin tsoffin maƙwabtanta a zuci. A lungunsu akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, akwai waɗanda tasu ta mutu tuntuni, akwai waɗanda aka haifa a Jidda ba su taɓa riƙe takarda ba. Aminiyarta Rahamatu tana unguwar Bani Malik yanzu, tana lallaɓa rayuwa da 'ya'yanta ba tare da kowa ya lura da su ba. Wa ya tabbatar kwalin nan a makaranta zai tsaya? Me ya sa sai bayan an kwashe ƙasar wurin za a tuna da tarihinsa?

Sai ta shirya wa yarinyar ƙarya. Ta kai masallaci ƙarshen lungu, ta juya ƙofofi, ta ƙirƙiro maƙwabtan da ba a taɓa yi ba. Lujain ta duƙufa tana yanka tana liƙawa, har da 'yar igiyar shanya ta zare.

Da aikin ya kusa kammala, Mastura ta tsaya a kansa tana kallo, ranta ya ɓaci. Ƙofar gidanta tana kallon yamma, alhali hantsi ne ke fara shigo mata. Inda marigayi mijinta Ubale yake gasa tsire kuwa an dasa bango.

"Ɓamɓare wannan," in ji ta. "Ba haka yake ba."

"Ke kika ce haka, Kaka."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ki ɓamɓare. Zan nuna miki kowane gida a mazauninsa, amma suna ko ɗaya ba za ki rubuta ba. In malamar ta tambaya, ki ce na tsufa, na manta."

Haka aka yi. Ranar da aka gayyaci iyaye mata kallon ayyukan, Mastura ta sa abayarta ta tafi, ta tsaya jikin teburin Lujain ba ta gusa ba. Duk wadda ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, sai ta matsa ta tare. Abla Wafa' ta zo da fara'a, ta yaba aikin, ta ce tana so a bar shi a ɗakin karatu, sannan ta tambayi sunan Hajiya.

"Kakar Lujain," in ji Mastura. "Kwalin kuma gida zai koma."

Malamar ta dube ta jim kaɗan, ta ce halas, shi ke nan, ba komai. Mastura ba ta gane ko fahimta ce ko kuwa ta riga ta sami abin da take nema ba.

A cinya ta riƙo shi cikin mota har gida. Ran Juma'a Rahamatu ta zo, ta durƙusa gaban kwalin ta daɗe, ta sa yatsa a kan rufin gidanta.

"Wa da wa suka ga wannan?"

"'Yan makaranta da uwayensu. Babu suna."

Rahamatu ta numfasa, ta kira Lujain. "Zo nan, 'yar nan. Tankin ruwan ba a nan yake ba, matso da shi bayan shagon burodi."