Jan Ɗigo a Gonar Maiguwa

Najiba ta karanta doka a Yamai, kuma a dokar ma ta zaɓi ɓangaren da ba ya kawo suna: haƙƙin mutane a gaban na'ura. Shi ya sa wani kamfanin taswira ya ɗauke ta zuwa wani ƙauye a ƙasar Buza, don ta sa hannu cewa aikinsu bai zalunci kowa ba. Sun ɗauka hayar biro kawai suka yi.

Na'urarsu tana duba gonaki daga sama. Duk inda ta ga an shekara goma ba a noma ba, sai ta ɗiga ja a taswira, ma'ana fili ne marar mai shi, ana iya ba wani. Mai ƙorafi ya zo gaban jama'a ya faɗi dalili, a rubuta.

A tsakiyar gonar tsoho Maiguwa akwai irin wannan ɗigo: gawo ɗaya da tarin duwatsu. Bai yi ƙorafi ba, sai da Najiba ta bi shi har gona.

"Ɗiyata, nan kakannina sunka yi yanka tun ba a san salla ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni na yi Makka. Ba ni yanka, amma ba ni sa ma wurin ga hauya. In hwaɗi wannan gaban liman?"

Tausayinsa ya kama ta, haushin na'urar ya fi.

Ranar taro a inuwar meri, wato ofishin magajin gari, shugaban aikin, Faruk, mutum mai son taswirarsa kamar shi ya haife ta, ya miƙo mata takarda. Ta mayar masa.

"Ba ni sa hannu sai an ƙara layi guda: mai gona ya ce a bar wurin, ba tare da ya faɗi dalili ba."

"Madam, ordinatar, na'urar nan tamu, ba ta san 'a bari' ba. Dalili take so." Ya nuna ɗigon Maiguwa. "An gan ki a gonar nan. Kin san abin da ke ciki?"

"Na sani."

"To faɗi, a goge jan yanzu. In kin ƙi, kwangilarki ta ƙare yau, filin kuma ya tafi."

Kalma biyu za su ceci filin da aikinta, su tsiraita tsohon. Maiguwa na zaune yana jan carbi da sauri, bai ɗago ba. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta gyara tsayuwa.

"Ba ni faɗi. Ku ƙirga jan da ke taswirar nan. Arba'in da ɗaya ne, kuma ba wanda ya zo ƙorafi. Kuna zaton duk sun manta da gonakinsu?"

Faruk ya fara naɗe takardarsa, yana murmushin wanda ya ci.

Sai liman Habu ya miƙe, ya dogara sandarsa har gaban taswira. Ya daɗe yana nema, sannan ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo can gabas.

"Wagga gonata ce," ya ce. "A bar wurin. Ni ma ba ni da dalili."